Zuwa Riruwai da Guduma

Wanda bai taɓa wuce Tudun Wada ba yana iya rantsuwa cewa ƙasar Kano a shimfiɗe take tun daga farkonta har ƙarshenta. Ba zan ga laifinsa ba. Idan ka baro birni ta titin Zariya, ka ratsa Kura da Kadawa inda ruwan Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, ido zai yi ta tafiya babu abin da zai tare shi sai kuka da ɗorawa. A Kwanar Dangora muka saki titin Zariya muka karya hagu. Bayan Tudun Wada sai dajin Falgore, wanda direbobi ba su son magariba ta same su a cikinsa, mu ma ba mu tsaya gardama ba, da hantsi muka ratsa shi. Da fitowarmu ƙasa ta fara tudu, iska ta sauya, ga masara an karye an shanya a ƙofar gidaje, can gaba kuma duwatsun Riruwai sun tokare sararin sama.

Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce, don haka ni da dutse mun san juna, sai dai sanin gaba ne: shi ke cinye mini haƙoran inji da man dizal. Autarmu kuwa karatunsa take yi, tana digiri na uku a ilimin duwatsu, aikin nata kuma ya buƙaci ta ɗebo samfur daga Riruwai. Hajiya ta ce babu 'yarta da za ta shiga daji da guduma ita kaɗai. Shi ke nan aka ɗora mini. Ni ne direba, ni ne muharrami, ni ne ɗan dako.

Ba a hawa dutsen mutane babu sallama, saboda haka wajen mai gari muka fara. Na durƙusa na yi gaisuwa, Auta ta miƙa takardar makaranta ta hannuna. Ya sa aka karanta masa, ya dube ta, ya dube ni.

"To, 'yata, zinariya kuke nema ko kuza?"

"Ranka ya daɗe, ba ko ɗaya. Shekarun dutsen nake son in sani."

Fadawa suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce baƙi da yawa sun zo da irin wannan magana, bayan wata biyu sai a ga tirela. Amma ya haɗa mu da wani dattijo da ya yi aiki a ramin kamfani zamanin da ramin ke da rai, ya ce duk inda Baba ya ce kada mu taka, kada mu taka.

Baba bai da yawan magana a ƙasa, sai da muka fara hawa bakinsa ya buɗe. Ya ce kuza a Riruwai ta girmi zuwan Turawa, kakanni suna narka ta su yi siraran sanduna a kai kasuwa. Ya nuna mana inda jijiyar ma'adinin ta bi, daga gabas zuwa yamma, Auta ta ce tsawonta ya kai wajen kilomita 5, kuma ba kuza kaɗai ke ciki ba, har da tutiya mai yawa. Ya nuna mana bakin tsohon ramin da ragowar ƙarafa da ciyawa ta rufe. Da na tambaye shi me ya kashe aikin, ya ce kuɗin kuza ne ya faɗi dare ɗaya. Auta ta ƙara da cewa a 1985 ne kasuwar kuza ta duniya ta ruguje a Landan, ta tafi da ma'adinai da yawa daga nan har Jos. Yanzu samari ne ke haƙa loto da diga da shebur, kowa da rabonsa.

Daga sama ake gane siffar wurin. Duwatsun ba a warwatse suke ba, zobe suka yi, faɗinsa ya haura kilomita 10. Auta ta ce gindin tsohon dutse mai aman wuta ne. Samansa ya rufta ciki, narkakken dutse ya biyo tsagar da ta kewaye shi ya daskare, sauran kuma ruwa da iska suka kankare a hankali har cikinsa ya fito fili. Irin wannan zobe ya haura 50 a Nijeriya, masana suna ce musu ƙananan giranait, wato ƙanana a shekaru, don a bambanta su da manya, waɗanda suka daskare wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, irin waɗanda injina ke karo da su a mafi yawan ƙasar Kano.

Ɗibar samfur ba tsintar tsakuwa ba ce. Na ga wani gutsure mai kyau a ƙasa na miƙa mata, ta ce wa ya san daga inda ya gangaro. Dutsen da take so sai wanda ke manne da uwarsa, kuma ba fatar waje ba, wadda ta yi ja ta yi laushi. Sai an fasa an kai ga cikin da bai taɓa ganin ruwan sama ba. Nan aikina ya samu. Ka ɗaga guduma ka sauke, ta yi tsalle ta dawo, hannu ya ɗauki tsami har kafaɗa, dutsen ko gezau. Baba ya karɓa, ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da ƙotar yana saurare, ya sami wata siririyar tsaga da ni ban gani ba, ya ba shi biyu masu kyau, sai ga shi ya dare. Cikin fari-fari ne da ratsin ruwan hoda da ɗige-ɗigen baƙi masu walƙiya, yana ƙaurin ƙyastu. Auta ta tsuguna ta kara ɗan madubinta a ido, ta daɗe tana juya shi, sannan ta karanta lambobin wurin daga na'urar da ke wuyanta ta rubuta a littafi, ta rubuta lamba a jikin dutsen, ta sake rubuta ta a jikin jaka, ta sake rubuta ta a 'yar takarda ta jefa ciki. Na ce wannan ai rashin yarda da kai ne. Ta ce samfurin da lambarsa ta goge ya koma dutsen murhu.

A inuwar wani marke muka zauna cin ƙosai da muka riƙo, na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, ba yadda take yi wa malamanta ba.

Ta ce duk wannan nauyi da na ɗauko, abin da take so a ciki bai cika farce ba. Wasu 'yan ƙwayoyi ne da ake kira zirkon, kowace ba ta fi kaurin gashi biyu ko uku ba. Lokacin da zirkon ke ƙulluwa a cikin narkakken dutse yana karɓar yuraniyom a jikinsa, amma ba ya karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom ba ya zama yadda yake, a hankali ƙwayoyin zarrarsa ke rikiɗa su koma dalma, kuma da ƙa'ida suke yi. Sinadari ɗaya yakan zo da nauyi iri-iri, kowane nauyi ana ce masa aisotof. Yuraniyom mai nauyin 238 rabinsa ke rikiɗa a shekara biliyan 4.47. Mai nauyin 235 ya fi shi sauri, rabinsa na tafiya a shekara miliyan 704. Zafi ba ya hanzarta su, sanyi ba ya jinkirta su. Saboda haka duk dalmar da aka samu a cikin zirkon a ciki aka haife ta, idan ka auna yawan uwa da yawan 'ya, lissafi zai ba ka shekaru. Kuma da yake iri biyu ne ke rikiɗa kowane da saurinsa, amsa biyu za ka samu daga ƙwaya ɗaya. Idan sun zo daidai, ka yarda. Idan sun saɓa, wani abu ya taɓa ƙwayar bayan haihuwarta.

Na ce na sha jin ana cewa da kabon ake gane shekarun abu. Ta ce wannan na ƙashi ne da gawayi da tsohuwar tabarma. Rabin kabon mai nauyin 14 yana ƙarewa a shekara 5,730, bayan shekara dubu 50 babu abin da ya rage da za a auna, dutse kuwa ko fara tsufa bai yi ba a lokacin.

Riruwai an riga an auna ta, ta faɗi wajen shekara miliyan 170, wato yuraniyom mai nauyin 238 da ke cikin zirkon ɗinta ko kashi 3 cikin 100 bai rikiɗa ba tukuna. Abin da ya fi kama hankalina shi ne jerin. Zobban nan ba rana ɗaya aka yi su ba, daga arewa suka faro suna gangarowa kudu. Na duwatsun Azbin a Nijar sun haura shekara miliyan 400. Na wajen Damagaram sun kai 300 ko kusa da haka. Na Dutse a Jigawa wajen 213. Na Jos 160 da wani abu. Na Afu a Nasarawa, can ƙarshen layin, wajen 141. Wani aiki da aka buga a 1984 ne ya jera na Nijeriya haka, da wani ma'aunin daban mai amfani da rubidiyom da sitirontiyom. Na sha yin aiki a gindin duwatsun Dutse, ban taɓa kawowa a raina sun girmi na Riruwai da shekara miliyan 40 ba. A ido dai dutse dutse ne.

Auta ta ƙara mini wani abin da ya ba ni dariya. Dutsen da ya faɗo daga sama a Zagami ta ƙasar Katsina a watan Oktoba na 1962, mai nauyin kilo 18, wanda aka tabbatar daga duniyar Mas ya fito, shi ma da aka auna shi wajen shekara miliyan 180 ya ba da. Kusan sa'an Riruwai ne.

Da muka sauko mun iske mata a bakin rafi suna wankin kuza. Na tsaya kan wata mai goyo ina kallon hannunta. Takan cika kwano da ƙasar da aka fito da ita daga loto, ta nutsa shi rabi a ruwa, ta riƙa juyawa tana karkatawa, laka ta tafi, farin yashi ya biyo baya, tana share na sama da gefen tafinta, har sai wani baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindin kwanon. A gefen baƙin akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa-ƙasa. Auta ta roƙi a ɗan ɗiba mata a tafi, ta duba da madubi, ta miƙo mini. Ƙwayoyi ne masu tsini biyu, suna ƙyalli.

"Yaya, ga zirkon ɗin."

Na ce to faɗuwa ta zo daidai da zama, mu sayi mudu ɗaya mu huta da guduma. Ta ce ba zai yi ba. Rafi ya tattaro su daga duwatsu daban-daban ya cakuɗa, ba ka san wace ta fito daga ina ba. Nata sai ta niƙa dutsen da kanta, ta tankaɗe, ta wanke shi yadda matar nan ke yi, ta bi da maganaɗisu, sannan ta zauna gaban madubin ƙara girma ta tsince su ɗaya-ɗaya da ɗan hantsaki. A jera su a cikin ƙaro, a goge har cikinsu ya bayyana, a aika ƙasar waje inda za a harba wa kowace hasken leza a gurbin da bai kai kaurin gashi ba, ƙurar da ta tashi ta shiga na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a, amma wankin naki sai kin zo na koya miki."

Maganar da ta fi tsawo da daddare aka yi ta, a zauren gidan da aka sauke mu. Sanyin Riruwai ba irin na birni ba ne, sai da aka kawo kasko. Wani mai sayen kuza ya yi sallama, ya gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya zaro ƙullin takarda daga aljihun ciki. Wani dutse ne garau, girman ƙwayar gyaɗa, ya ce yaransa suka samo, wani kuma ya ce masa daimon ne. Aka kira Auta daga cikin gida. Ta haska shi da fitilar waya, ta juya, ta nuna masa inda gindinsa ya tsage sumul a miƙe, da siraran layukan da suka bi tsawonsa.

"Alhaji, tofaz ne. Abokin tafiyar kuza ne, duk inda take ana samunsa. Yana da 'yan kuɗinsa, amma ba daimon ba ne."

Bai ji daɗi ba. Ya ce ƙasar da ta ba da kuza da tutiya da kwalambait, me zai hana ta ba da daimon? Tambayar ta yi wa Auta daɗi, don ashe nan ne zuciyar karatun nata take.

Ta ce daimon ba a ɓawon ƙasa ake yinsa ba. Ɓawon da muke takawa kaurinsa wajen kilomita 35 zuwa 40 ne. Ƙarƙashinsa akwai wani dutse daban, kore-kore, mai nauyi, ana ce wa wannan sashe mantil. Daimon yana ƙulluwa ne a zurfin kilomita 150 ko fiye, kuma sai inda wurin ke da matsi mai tsanani amma zafinsa bai yi yawa ba. Irin wannan wuri ana samunsa ne a ƙarƙashin tsofaffin sassan nahiyoyi, waɗanda ake kira kiraton, inda wani ɓangare na mantil ya sandare ya manne wa ɓawon ya zama saiwa mai zurfin kilomita 200 ko fiye. Akwai irinta ƙarƙashin Afirka ta Kudu da Botsuwana, da Saberiya, da arewacin Kanada, a nan yammacin Afirka kuma ƙarƙashin Saliyo da Gini da Laberiya. Tun 1966 wani masani mai suna Clifford ya lura cewa ma'adinan daimon na asali a kan irin waɗannan tsofaffin wurare suke taruwa.

Nan na sa baki, don zurfi fannina ne. Rijiyar da na fi alfahari da ita ba ta kai mita 200 ba. Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan Adam ya haƙa, na Kola a Rasha, ya tsaya a mita 12,262, ko rabin ɓawon bai ci ba. To wa ya je kilomita 200 ya ɗebo samfur har aka san saiwar tsohuwa ce?

Ta ce ba a je ba, kawowa aka yi. Akwai wani irin aman wuta mai tasowa daga can ƙasa da gudu, ana kiran dutsensa kimbalait saboda garin Kimbali na Afirka ta Kudu. Yana tahowa yana ɓantaro gutsattsarin saiwar yana haɗowa da su, har da daimon. A tarin ƙasar da aka zubar a bakin ramukan Kimbali masana suka riƙa tsintar ƙwallayen koren dutsen nan. Matsalar ita ce da wuya a sami zirkon a cikinsu, sauran ma'aunan kuma sukan rikice, domin saiwar ta daɗe ruwaye masu zafi suna ratsa ta suna ƙara mata wasu sinadarai. Sai aka koma ga wasu ƙarafa biyu da ba a cika jin sunansu ba, riniyom da osmiyom.

Da yamma mun ga matar gidan tana matsar man gyaɗa, Auta ta kama wannan. Ta ce mantil idan ya yi zafi ba duka yake narkewa ba, wani kaso ne ke tsatsowa ya haura sama, kamar yadda mai ke fita ya bar tunkuza. Riniyom yana bin man. Osmiyom yana zama a tunkuza. To riniyom mai nauyin 187 shi ne uwar osmiyom mai nauyin 187, yana rikiɗa a hankali ƙwarai, rabinsa sai a shekara biliyan 41.6, tun da aka yi duniya wajen kashi 7 cikin 100 kawai ya tafi. A mantil ɗin da ba a matse ba uwar tana nan, don haka 'yar tana ta ƙaruwa. Idan aka gwada osmiyom mai nauyin 187 da mai nauyin 188, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, lambar ta taso daga wajen 0.095 a farkon duniya zuwa wajen 0.127 a yau. Duwatsun da ke faɗowa daga sama su suka ba da wannan layi. A tunkuza kuwa an tafi da uwar, lambar ta tsaya cak a inda take ranar da aka matse. Idan ka auna ƙwallon Kimbali ka sami 0.108, sai ka koma kan layin ka duba yaushe duniya take kan 0.108. Amsar wajen shekara biliyan 2.7 ce.

Mai sayen kuza ya ce wannan lissafi ya yi sauƙi da yawa. Ta ce a baki ne. Osmiyom ɗin da ke cikin dutsen giram 3 ne zuwa 4 a tan dubu. Sai an rufe garin dutsen da ruwan asid a cikin bututun gilashi da aka liƙe bakinsa da wuta, a gasa shi a zafin da ya haura digiri 200, sannan a tace abin da ido ba ya gani a kai na'ura. Kuma amsar mafi ƙarancin shekaru ce, don matsar ba lallai ta kwashe riniyom duka ba, kimbalait ma yakan shafa wa dutsen nasa riniyom a hanya, sai an cire wannan a lissafi. Richard Walker da abokan aikinsa a cibiyar Carnegie ta Amurka suka fara gwada hanyar a kan duwatsun Afirka ta Kudu a 1989. Daga nan aka bi Saberiya da Kanada, amsoshin suka riƙa taruwa tsakanin shekara biliyan 2.5 da 3.5. Kafin su, a 1984, Stephen Richardson da abokansa sun auna 'yan ƙwayoyin wani jan ma'adini mai suna ganet da suka maƙale a cikin daimon na yankin Kimbali suka sami wajen biliyan 3.2 zuwa 3.3. Aman wutar da ya kawo su kuwa bai wuce shekara miliyan 90 ba a Kimbali. Ko Riruwai ta girme shi, amma kayan da ya ɗauko sun ninka shi sau 30.

Matsar nan ita ce ma sirrin daɗewar saiwar. Narkakken da ya fita, wani lokaci kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ya tafi da ƙarfe da ruwa. Abin da ya rage ya fi mantil na kewaye sauƙin nauyi, ya fi shi tauri, ba ya nutsewa, ba ya saurin motsi.

Liman, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai ce komai ba, ya tambaya ko waɗannan biliyoyin ba su yi karo da abin da muka sani na halitta ba. Auta ta ce ita dai abin da aka ajiye a cikin dutsen take karantawa. Ya ce kwanakin da aka yi halitta a cikinsu ba wanda ya ce irin namu ne, ya ci gaba da carbinsa.

"To mu fa?" in ji mai kuza. "Tamu saiwar fa?"

Ta ce Nijeriya ba a kan kiraton take ba. Tana tsakanin na yammacin Afirka da na Kwango, a yankin da aka matse aka gasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da nahiyoyi suka yi karo. Ba wai ba mu da tsohon dutse ba ne. A cikin garin Kaduna an sami zirkon mai shekara biliyan 3.57, an buga sakamakon a 2001, yana cikin mafiya tsufa a yammacin Afirka. Amma tsufan ɓawo daban, tsufan saiwa daban, kuma saiwa tana iya ɓacewa. A arewacin Sin an gani da wannan ma'auni na osmiyom: kimbalait na shekara miliyan 470 ya fito da tsohuwar saiwa har da daimon, aman wuta na baya-bayan nan a gabashin yankin kuma ya fito da sabon mantil, alamar an yi asarar saiwa mai kaurin kilomita 100 ko fiye a tsakani. A wajenmu, gutsattsarin mantil da ake samu a baƙin dutsen Biu da na tsaunukan Jos daga zurfin da bai kai na daimon ba suka fito. Ta ce ba za ta rantse babu ba, amma da kuɗinta ne, ba za ta haƙa Riruwai neman daimon ba.

Ni a nan na ga amfanin abin, fiye da yadda ita ma take faɗa. A sana'ata na ga mutanen da suka ƙi biyan kuɗin awon ƙasa, suka nuna wuri da sanda suka ce a haƙa, aka ƙone dizal aka tashi da ƙura. Harkar ma'adinai a ƙauyukanmu yawanci haka take tafiya, da jita-jita: wani ya ce wani ya samu, gari ya watse zuwa daji, gonaki su zama ramuka. Alhali kuza da kwalambait ƙananan giranait suke bi, zinariya kuma tsofaffin duwatsun yamma irin na Zamfara da Birnin Gwari, daimon tsohuwar saiwa. Wanda ya san shekarun dutsen da ke ƙarƙashinsa ya rage rabin caca. Abin da ke ba ni haushi shi ne sanin yana nan a rubuce, cikin Turanci, a mujallun da ko Auta sai da taimakon wata ƙawarta a waje take samun wasu.

Na tambaye ta a ina nata aikin ya shiga, tunda ba ta da kimbalait. Ta ce zirkon ɗin Riruwai zai ba ta amsa biyu. Yuraniyom da dalma za su faɗi ranar da dutsen ya daskare. Wani sinadari kuma da ke cikin ƙwayar, hafniyom, zai nuna ko narkakken daga mantil ya taso kai tsaye, ko tsohon ɓawo ne ya sake narkewa, ko gauraye ne, da kiyasin lokacin da kayan suka fara rabuwa da mantil. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan game da zobban nan, ita ma tana son ta sa nata hannun.

Ranar komawa bayan motar ya zauna ƙasa saboda nauyi. Baba ya ƙi karɓar abin da na ba shi sai da na haɗa da rantsuwa. A wani shinge kafin daji aka sa na buɗe but, jami'in ya kwance jaka ɗaya, ya ɗaga dutsen ya duba ta kowane gefe, ya kira abokinsa shi ma ya duba. Takardar makaranta da ta mai gari suka fitar da mu, bayan an tabbatar mana cewa ba a taɓa ganin mai hankali ya ɗauko dutse daga Doguwa zuwa Kano ba alhali ga shi nan a Dala kyauta.

Jakunkunan suna ɗakin gwaji yanzu ana niƙa su, sakamakon kuma Auta ta ce kada a sa rai kafin damina ta wuce, idan kuɗin aikawa ya fito. Mai gari ya aiko a tambaye ni nawa zan haƙa musu burtsatse a unguwar da ke bayan tsohon ramin. Na ce sai na turo mai awo tukuna, don a irin dutsen nan ruwa a tsaga kawai yake zama, kuma kusa da jijiyar tutiya sai an gwada shi kafin a ba yara su sha.